Tukwicin Maƙwabta

Igiyar awo ta ratsa tsakar gidan tun daga bakin zaure har gindin rijiya, ta bi ta kan ƙafar Gwaggo Ummakulsum inda take zaune a tabarma tana jan carbi. Tsohuwar ta janye ƙafarta da sauri, ta ɗaga fuska sama.

"Wane ne yake auna ni tun ban mutu ba?"

"Mutanen Alhaji Maje ne, Gwaggo," in ji ɗanta Isyaku. "Filin gidan suke aunawa."

"To su yi a hankali. Saura kwana tara mu tashi, ai ban manta ba."

Gidan nan na Fagge, inda aka binne cibiyarsa, tun wata uku da suka wuce aka sayar da shi. An yi shaida a gaban mai unguwa, an raba goro, an shafa fatiha, magana ta ƙare. Alhaji Maje babban ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, kuma ba zama zai yi a gidan ba, rushewa zai yi ya gina sito. 'Ya'yan baffan Isyaku, waɗanda suke da gado a ciki, su suka matsa lamba a sayar kowa ya kama gabansa. Da aka raba, kason Isyaku ko kango ba zai saya a Fagge ba. Malamin firamare ne, duk arzikin man fetur ɗin da aka yi shekaru ana yi wa kirari, abin da ya iso hannunsa babur Besfa ne ɗaya da akwatin rediyo.

Ana cikin haka wani abokin aikinsa ya kai shi wani ofis a saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. A tsakiyar ofishin akwai tebur rufe da gilashi, a ƙarƙashin gilashin an jera 'yan gidaje na katako guda ɗari uku, da tituna, da makaranta, da masallaci mai koriyar ƙubba. Unguwar Ni'ima ke nan, wadda kamfanin yake ginawa can bayan filin jirgin sama. Manajan, Alhaji Dabo, mutum ne mai taushin murya da ƙamshin turare. Ya ce ai Malam ya zo a sa'a, kasuwa ta ja baya a bana, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, saboda haka sun karya farashi ga duk wanda zai biya gaba ɗaya. Wata uku kacal ya rage a ba kowa mukullinsa. Hausawa sun daɗe da cewa araha ba ta ado, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Isyaku ya juye kasonsa kaf, aka ba shi takarda mai hatimi da lamba goma sha huɗu.

Gwaggo, wadda yanar ido ta makantar shekara takwas ke nan, ba ta tambaye shi famfo ba, ba ta tambaye shi lantarki ba. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Akwai mutane?"

"Gida ɗari uku ne, Gwaggo."

"Kai yaro, ba gidaje na tambaye ka ba." Shekarunsa arba'in da biyu, amma ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Shekara talatin ni nake wanke matan unguwar nan idan ta Allah ta kasance. Na ga wadda ta cika a cikin mutane, na kuma ga wadda aka tarar bayan kwana biyu. Kai ni inda ka ga dama, amma kada ka kai ni inda za a rasa mai wanke ni. Shi ke nan abin da nake roƙonka."

Ya rantse mata akwai mutane. A ranar da ya rantse ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani a ƙarƙashin gilashi ya faɗa. Sai shekaranjiya, da ya ga wa'adi ya matso kuma ba wanda ya kira shi karɓar mukulli, ya hau Besfarsa ya je ya gani da idonsa. Tun da ya dawo, ko matarsa Rabi'atu bai faɗa wa abin da ya gano ba.

* * *

Shagon Chukwuma yana layin masu kwanon rufi a Kasuwar Sabon Gari. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ko Bakano sai ya yi da gaske. Sun san juna ne tun lokacin da Isyaku ya koyar da 'yarsa. Da ya ji abin da ya kawo malamin, bandir biyu na kwano da katako da ƙusa, da kuma inda za a kai su, sai ya ajiye awon da ke hannunsa ya jawo masa benci.

"Malam Isyaku, kai ma ka shiga?"

"Na shiga."

"Me ya hana ka zuwa ka tambaye ni? Ni nake kai musu kwano. Tun kafin azumin bara suka daina ɗauka. Turawan da ke kula da aikin sun kwashe motocinsu, leburori sun watse. Ka koma ofishin?"

"Na koma jiya. Akwai kwaɗo a ƙofa. Mai shayin da ke ƙasan benen ya ce Alhaji Dabo ya tafi ganin likita a ƙasar waje."

"Haka suka ce da ni ma." Chukwuma ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni ma ina da gida a can, lamba tamanin da ɗaya. Na kai matata Obiageli ta gani, ko sauka daga mota ba ta yi ba. Ta ce ita da ta tsira daga yaƙi ba za ta je ta mutu a hannun maciji ba. Kowa da ka sani ya saya yana jira wani ya fara tarewa."

"Ni ba ni da halin jira. Ranar Alhamis ta sama zan ba da gida."

Chukwuma ya daɗe yana kallonsa. Hayaniyar kasuwa tana ta kai da komo, 'yan dako suna neman hanya, wani yana buga kwano da guduma.

"Akwai ɗaki biyu a gidan da nake haya, nan Sabon Gari. Wanda yake ciki ya tashi. Ka kawo Mama ku zauna, a ga abin da Allah zai yi. Ruwa akwai, mutane akwai, har sun yi yawa."

Isyaku ya san gidan. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da otal, kiɗa ba ya yankewa. Ya hango Gwaggo, matar marigayi Malam Na'ibi, wadda ba ta taɓa kwana a ɗakin haya ba, ana cewa ɗanta ya sayar da gidan ubansa ya kai ta bayan gidan giya. Ya hango bakin mutanen Fagge. Abin da ya fi tsoro a ranar ke nan, don bai san akwai abin da ya fi shi ba tukuna.

"Na gode, Chukwuma. Allah ya bar zumunci. Amma gidana ne, na biya. Ɗaki biyu zan rufe, in sa ƙofa. Idan aka ga hayaƙi yana tashi, wasu ma za su zo."

"Mama ta sani?"

"Ba ta gani ai."

Chukwuma ya tashi ya shiga zaɓar masa kwanon da bai lanƙwashe ba, ya kuma haɗa shi da kafinta. Da za su rabu ya ce, "Akwai wani kwalbati a hanyar da ba su ƙarasa ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, kwana biyu mota ba ta wucewa. Ka riƙa ajiye abinci."

* * *

Ranar Alhamis da hantsi akori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Matan unguwa suka cika tsakar gidan, wannan ta ɗauki tukunya, waccan ta naɗe tabarma, ana yi ana share hawaye. Hajja, ƙawar Gwaggo tun suna amare, ta riƙe hannunta har bakin mota.

"Ummakulsum, alkawarinmu yana nan. Wadda ta riga, ɗayar ce za ta wanke ta. Ki aiko, ko da rarrafe zan zo."

"Ke dai ki riƙe ƙafar nan taki mai ciwo. Yaron nan ya ce unguwar cike take da mutane, ba za a rasa masu taya ki ba."

Isyaku ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Suka bar Fagge, suka wuce gefen Sabon Gari, suka miƙa. Gwaggo tana gaba tsakanin direba da Rabi'atu, tana faɗin inda ake da kunne: nan masu gyaran keke ne, nan tashar mota ce, nan kuma an wuce gidan mai. Daga nan kwalta ta ƙare. Motar ta shiga tangaɗi a cikin taɓo, ta gangara wani kwari, ta haura da kyar. Gwaggo ta daina magana.

A bakin unguwar akwai ƙaton allo mai hoton gidaje da yara suna wasa, fentin ya fara ɓarewa. Bayan allon kuwa sai layi-layi na bulo, iya ganin ido. Wasu ginin ya kai linta, saman ƙofa da taga, wasu iya gwiwa, wasu ramin tushe ne kawai cike da ruwan sama ya yi kore. Tafasa ta fito a cikin falo ta kai ƙugu. Ƙarafan rodi sun yi tsatsa suna tsaye a kan ginshiƙai. Inda aka ce masallaci ne, tulin yashi ne da ciyawa ta rufe. A tsakiyar wannan duka sabon kwanon lamba goma sha huɗu yana ƙyalli shi kaɗai.

Rabi'atu ta leƙo ta taga ta duba dama, ta duba hagu, sannan ta juyo ta dubi mijinta da ke biye a kan Besfa. Ya ɗora yatsa a leɓe. Ta buɗe baki, ta rufe, hawaye suka zubo mata ba sauti. Mace ce mai haƙuri, amma kallon da ta yi masa ya gwammace mari.

Direba da yaransa suka sauke kaya kamar ana korarsu, suka juya. Ƙarar motar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Abin da ya biyo baya Isyaku bai taɓa jin irinsa ba tun da aka haife shi. A Fagge ko mutuwa aka yi akwai tarin wani, akwai kukan jariri, akwai mai tallar koko. Nan kuwa sai iska da ke shiga ta tagogin da ba ƙyaure ta fita ta wasu.

An shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a ɗakinta. Ta shafa bango, ta shafa siminti, ta ce ma sha Allahu, gini ya yi kyau. Sannan ta karkata kai.

"Ban ji daka ba."

"Unguwar ma'aikata ce, Gwaggo. Inji suke kai niƙa."

"Yara fa?"

"Suna makaranta."

Azahar ta yi, ba kiran salla. Rabi'atu ce ta duba inuwa ta ce lokaci ya yi. Isyaku ya ce masallacin yana can ƙarshen unguwa, ba a ɗaura lasifika ba tukuna. La'asar ma haka. Kowace tambaya da amsarta a bakinsa, kuma kowace amsa sai ya ji kamar ya ƙara haƙa ramin da zai faɗa. Abin da ya fi tsorata shi, Gwaggo ba ta musa masa ko sau ɗaya ba.

Da yamma ta ce, "Gobe Juma'a. Rabi, ki jiƙa shinkafa. Ba a tarewa a unguwa a yi shiru kamar ɓarayi. Za a yi tuwo da miyar taushe a kai wa maƙwabta gida bakwai, su san mun zo, mu san su."

* * *

Rabi'atu ta yi tuwon a murhun duwatsu uku a bayan ɗaki, tana yi tana waiwaye. Gwaggo da kanta ta zauna aka jera mata langa bakwai a gaba, tana taɓa kowace, tana cewa a ƙara man shanu a wannan, a ƙara nama a waccan. Ba za a ce matan Fagge ba su iya kyauta ba.

"Kira yaran maƙwabta su kai."

"Ni zan kai, Gwaggo. Ina so in gaisa da masu gidajen."

"Namiji da gemu yana yawo da langa? To, zamani. Ka ce ina gaishe da matan gida, tsohuwa ce ba ido, su yi haƙuri su su zo."

Ya jera langunan a babban faranti ya fita. A aljihunsa akwai goro goma sha huɗu da ya saya tun a Sabon Gari, don ya san za a zo nan. Ya san al'ada: kwanon da aka kai abin arziki ba ya dawowa wayam, sai an wanke an sa tukwici. Da wannan yake ganin ya gama dabara.

Ya wuce lamba goma sha biyar da sha shida, ya shiga ta sha bakwai inda bango zai kare shi. A jikin bangon wani ya rubuta sunansa da gawayi, wani ya soke ya rubuta nasa da fenti. Ya tsuguna ya fara juye tuwon a cikin ciyawa. Tuwo mai zafi, farar shinkafa, a shekarar da mudu ya yi tsada. Ya ce astagfirullahi ya fi a ƙirga. Ya juye biyar ke nan sai ya ji ƙarar ƙarfe.

Ya leƙa. A layi na gaba wata tsohuwar tifa tana tsaye, mutum uku suna ɓamɓare firam ɗin taga daga bango da ƙarfe, da rana tsaka, ba sauri ba ɓoyo. Ɗayansu, dogo mai jan ido da taba a baki, ya riga ya gan shi. Gudu ba zai yiwu ba. Isyaku ya ɗauki langa biyun da suka rage ya nufe su.

"Salamu alaikum. Sannunku da aiki. Ga sadaka."

Suka dubi juna. Dogon ya karɓa, ya buɗe, ya shanshana, suka tsuguna suka hau ci ba ko wanke hannu.

"Kai ne mai sabon kwanon can?"

"Ni ne."

"Kwano mai kyau." Ya lashe yatsa. "Da iyali?"

"Muna da yawa. Ƙannena sojoji ne, anjima za su iso."

"Allah ya kawo su lafiya," in ji dogon, yana murmushi. Ya kashe guntun tabarsa a murfin langar, ya miƙo masa.

Isyaku bai san yadda ya baro wurin ba. A bakin wani ramin masai da ba a rufe ba, wanda ruwan sama ya cika, ya tsuguna ya ɗauraye langunan da yashi, yana yi yana jin idon mutanen nan a ƙeyarsa. Ya goge su da gefen rigarsa, ya jefa goro biyu-biyu a kowace, ya rufe. Ya tsaya a bayan gidansa har numfashinsa ya daidaita, sannan ya yi sallama da murya mai fara'a.

"Suna godiya, Gwaggo. Sun ce a gaishe ki, suna nan zuwa."

"Madalla. Kawo in ga abin arziki."

Ya ajiye farantin a gabanta. Rabi'atu tana tsaye a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Gwaggo ta jawo langa ta farko, ta buɗe, ta laluba, ta ciro goro biyu ta ajiye a gefe. Ta zagaya da ɗan yatsa ta ƙarƙashin leɓen langar, ta murza yatsun, ta kai hanci. Ta jawo ta biyu, ta yi haka. Ta uku. Ba ta gaggawa, kamar mai tsintar shinkafa. A ta shida ta daɗe riƙe da murfin a kusa da fuskarta. Da ta gama ta bakwai ta tara goron wuri ɗaya, ta naɗe hannuwanta a cinya.

"Matar gidan farko, yaya sunanta?"

"Ban tambaya ba, Gwaggo."

"Ta biyu fa? Tana da goyo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Gida bakwai," in ji ta, a hankali. "Ba wadda ta sa ƙullin daddawa, ba wadda ta sa gishiri ko ashana ko ɗan sabulu. Duka goro, duka fari, duka biyu-biyu. Goro tukwicin maza ne. Kuma ba macen da za ta wanke kwanon baƙuwa ta bar maiƙo a ƙarƙashin leɓe, ko ƙazamar gari ce, don ta san da shi za a auna ta. Hannu ɗaya ne ya wanke kwanukan nan, da ruwan kwatami, kuma hannun bai taɓa wanke-wanke ba. Wannan kuwa," ta taɓa ta shida, "wanda ya ci a ciki taba yake sha, kuma bai san darajar kwanon mutane ba."

Iska ta taso ta kaɗa gefen kwanon rufi. Can nesa aka ji an jefa ƙarfe a bayan tifa.

"Kai yaro. Mu nawa ne a unguwar nan?"

Ya durƙushe. Muryarsa da ta fito ba ta malamin da ke tsawata wa aji ba ce.

"Mu uku ne, Gwaggo."

Ya jira ta yi kuka, ko ta yi masa baki, ko ta ɗaga hannu. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya sami sauƙi. Sai kawai ta gyaɗa kai, kamar an faɗa mata farashin da ta riga ta sani. Shi ne ya shiga zuba magana: yadda aka cuce shi, da gilashin, da kwaɗon da ke ƙofar ofis, da kwalbatin da ke yanke hanya kwana biyu idan an yi ruwa. Ya ce gobe-goben nan zai mai da ita Fagge, ɗakin Hajja, kafin ya san abin yi.

"In koma in ce me? In ce ɗan Malam Na'ibi ya sayar da gidan ubansa ya sayi daji? Ina da ɗa a raye in je in tsuguna a ɗakin wata, a riƙa nuna ka da baki a masallaci?" Ta girgiza kai. "Na fito ta ƙofar gidan Fagge da guɗa, an yi mini rakiya. Inda ka kwana nan zan kwana."

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Na yafe maka tun jiya da azahar." Ta juya fuskarta wajen ƙofa. "Rabi, akwai sauran wuta a murhu?"

"Akwai, Gwaggo."

"Ɗora ruwa, kada ya yi zafi sosai, ya dai kashe sanyi. A cikin adakata akwai ƙullin garin magarya da kafur, da wani farin ƙyalle. Ki haɗo da babban daro."

Rabi'atu ta gane kafin mijinta ya gane. Ta zube a bakin ƙofar. "Haba Gwaggo, don Allah. Lafiyarki ƙalau. Ni ina zan iya haɗa ido da jikinki?"

"Ina jin ƙanshin hadari tun safe. Idan hanya ta yanke, Hajja ba ta da fiffike, gawa kuma ba ta jiran kwalbati. Kunyar suruka ta ƙare a Fagge, 'yar nan. Gara ki koya ina da bakin da zan gyara miki." Ta miƙa hannu ta laluba har ta sami kan ɗanta, ta dafa shi sau ɗaya, ta janye. "Kai kuma fita. Naka mai sauƙi ne, kabbara huɗu ce. Babanka ya ce idan an rasa jama'a, mutum ɗaya ma ya isar."

Ya fita ya ja ƙofar. Ya tsaya a inda taswirar kamfanin ta ce titi ne, tafasa tana shafar gwiwarsa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Tifar nan ta taso a hankali ta bi ta ƙarshen layinsu, ta rage gudu daidai saitin gidan, sannan ta wuce.

Daga cikin ɗaki ya ji an zuba ruwa a daro, ya ji shesshekar Rabi'atu, sannan muryar Gwaggo, a natse, irin ta mai koya wa yarinya tuƙin tuwo.

"Naɗe ƙyallen a hannunki tukuna. Yawwa. Daina kuka, hawaye ba ya taɓa mamaci. Fara da dama."